Kafintan da Ya Ɗaure Gabas Kaɗai

Me ya sa iska ta ɗauki mai gaskiya, ta bar ma'haincin tsaye ko ƙwarzane babu a jikinsa? Na kai wannan tambaya gaban malamai biyu a Limancin Kona. Ɗaya ya ce jinkiri aka yi masa, ba ƙyale shi aka yi ba. Ɗayan ya ce in bar abin da ba a ba ni saninsa ba. Dukansu gaskiya suka faɗa, amma har yau abin bai bar cin raina ba. Don haka zan ba ku labarin yadda ya zo mini, ya 'yan uwa, kowa ya auna da kansa.

An yi wani mutum a unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya, kafinta ne mai rufin kwano. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da dangi a raye. Ya yi tashe a shekarun da mutanen cikin birni suka fara kwance rufin azara suna ɗora kwano. Duk wanda ya sami ɗan hali, shi yake nema. Aikinsa yana da kyau a ido, ga sauri.

Wanda bai san sana'ar ba, ga yadda take. Kwano ba shi da nauyi. In iska ta sami kafa ta shiga ƙarƙashinsa, sai ta ɗaga shi kamar faifai. Saboda haka kafinta yakan huda bango, kamar kamu guda ƙasa da saman gini, ya zura langa-langa, wato siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar kaya da shi. Ya naɗo shi bisa katakon rufi, ya buga ƙusa. Haka zai bi bango huɗu, taku bayan taku. Sannan magini ya zo ya yi yaɓe ya rufe wurin. Aiki ne mai cin rai, yana yanka hannu, kuma in an gama ba mai ganinsa.

Mutumin nan yana da kai. Ya lura da abin da kowane ɗan Zariya ya sani tun yana goye, cewa hadari daga gabas yake tasowa. Sai ya ce a ransa, to me ya kai ni wahalar bango huɗu? Ya riƙa ɗaure bangon gabas da kyau, har ya fi na kowa. A sauran bango uku kuwa, sai ya yanko guntun ƙarfe ya buga a jikin katako, ya saki jelarsa a kan bango. Yaɓe ya rufe jelar. Mai gida ya ɗaga kai ya ga ƙarfe a ko'ina, ya yi godiya, ya sa albarka.

Aikin mako guda ya koma na kwana uku. Ragowar ƙarfen kuma ya kai wa maƙera.

Shekara goma sha biyar yana haka. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, rufinsa ko ɗaya bai tashi ba. Ya 'yan uwa, akwai abin da ya fi wannan hatsari ga mai saɓo? In an kama ɓarawo ranar farko, an yi masa gata. Wannan kuwa sunansa ƙaruwa yake yi. Har gidansu na gado bai ƙyale ba. Sashen wansa da ke cikin gidan, shi ya rufa shi, kuma gabas kaɗai ya ɗaure.

Wan nasa shi ne Alhaji Zailani. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya saya masa zarto na farko. Daga baya fatauci ya kai Alhaji Zailani wani ƙauyen masunta a bakin teku, can gaba da Badagiri, yana sayen bandar kifi yana turowa arewa. Ya tafi da matarsa Hajo da 'ya'yansu huɗu. Da abin ya kankama, sai ya gina babban ɗaki na bulo don ajiyar kifi, ya ware gefe guda inda 'yan arewa mazauna wurin za su riƙa salla. Da aka zo rufi, ya ce ba wanda zai taɓa masa sai ƙanensa. Ya aiko a kira shi tun daga Zariya.

Rufin yana da faɗi, ba na mutum ɗaya ba ne. Sai kafintan ya tafi da Walter, wani Kirista mutumin Wusasa, wanda suka koyi sana'a a hannun maigida ɗaya tun suna samari. Sun saba, suna tsokanar juna, amma kowa da nasa aikin, ba su taɓa hawa rufi ɗaya ba tun da suka sami 'yanci.

Alhaji Zailani ya sayo langa-langa naɗi-naɗi, ya ce kada a yi ƙwauro. Suka ɗaure bangon gabas. Da suka juyo bangon kudu, wanda ke kallon teku, sai Walter ya ga abokinsa yana yanka ƙarfe guntu-guntu.

Ya ce, "Abokina, wannan fa? Kwalliya za mu yi wa katakon?"

Kafintan ya ce, "Buga kawai. Ai mun gama da gabas."

"Nan ba Zariya ba ce. Dubi bukkokin masuntan nan. Ta gefen ruwa suka ɗaure su da igiya, ba ta gabas ba."

"Kai da ko fuskantar gabas ba ka yi, me ka sani a kan gabas?"

Walter bai yi dariya ba. Ya ce, "Iska dai ba ta da alƙibla. Tun yaushe kake wannan abu?"

"Shekara goma sha biyar. Rufina nawa ka ji ya tashi?"

Walter ya ajiye guduma, ya ce in ba za a huda bangon ba, shi ya sauka. Kafintan ya ce ya sauka mana, ai ba a ɗaure shi ba. Washegari Walter ya ce wa Alhaji Zailani an aiko daga gida ba lafiya, ya hau mota ya komo. Bai faɗi gaskiyar abin da ya kore shi ba. A ransa ya ce shiga tsakanin wa da ƙane ba nasa ba ne. Wannan ma abin tunani ne, amma ba labarinsa muke yi ba.

Kafintan ya ƙarasa aikin da leburori. Ranar da aka gama, Alhaji Zailani ya zagaya ɗakin tare da abokan kasuwancinsa, yana nuna musu ƙarfe da sandarsa.

Ya ce, "Ko'ina ka ɗaure ko?"

Ƙanen ya ce, "Wallahi, Yaya, ko'ina."

Alhaji ya ce ya tsaya ya huta mako biyu kafin ya koma, ya ci kifi ya yi ƙiba. Ya tsaya.

A rana ta tara, bayan azahar, gari ya yi tsit. Zafi ya danne mutane, ko ganyen kwakwa ba ya motsi. Wani baƙin girgije ya taru bisa teku. Ana cikin kallo sai girgijen ya zuro wani abu ƙasa, kamar hannun giwa, yana lilo yana neman ruwa. Ruwan da ke ƙarƙashinsa ya fara tafasa, ya tashi ya tarye shi. Suka haɗe, suka zama ginshiƙi guda daga teku har sama, yana juyawa.

Masuntan wurin sun san abin. Ba su tsaya kallo ba. Suka kwashi 'ya'yansu suka yi cikin tudu, wasu suka kwanta rub-da-ciki a cikin kwari. Mutanenmu kuwa suka tsaya baki buɗe, suna salati. Guguwar da suka sani a gida ita ce mai ɗaukar ganye da hular mutum, ta yi 'yar rawa a fili ta watse. Suna jira wannan ma ta watse.

Ba ta watse ba. Ta tako bakin gaɓa. Da ta taka rairayi sai ta canja launi ta yi ja, ƙararta kamar jirgin ƙasa goma a lokaci ɗaya. Ta ɗauki kwalekwale wanda mutum ashirin ke ja, ta wurga shi kamar ƙoƙo. Ta yaye bukkoki, ta naɗe taru a kan bishiyoyi. Sannan ta miƙo wajen unguwar 'yan arewa.

Nan fa aka watse. Matan da ke banda kifi suka rasa inda za su nufa. Alhaji Zailani ya ruga ƙofar sabon ɗakin, ya buɗe ta, ya tsaya yana ɗaga hannu yana kira da iyakar muryarsa.

"Ku shigo nan! Ku shigo! Ƙanena ne ya yi rufin nan, ba inda za shi!"

Kafintan yana tsaye, tsakaninsa da wansa bai fi taku ashirin ba. Ya ji kiran. Ya ga mutane suna ɗurawa ciki, mata da goyo, tsofaffi, 'yan kasuwa. Ya ga guguwar daga kudu take zuwa. Shi kaɗai ne a duk wurin ya san abin da ke ƙarƙashin yaɓen nan.

Ya 'yan uwa, kalma nawa ake bukata? "Yaya, ku fito, ban ɗaure ba." Akwai lokacin faɗinta, har da ragi. Amma in ya faɗa, ya faɗa ne a gaban kowa, a gaban wan da ya saya masa zarto, bayan ya rantse. In kuma iskar ta kauce fa? Ya tona asirin kansa a banza ke nan. Wannan tunani ya yi. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya.

Alhaji Zailani ya hango shi, ya yafito shi da hannu. Sai ya juya baya, ya ruga, ya faɗa cikin wani kwari ya rufe kansa.

Iskar ta shiga ta kudu. Rufin ya ɗago gaba ɗaya daga bango uku kamar murfin akwati. Gabas ta riƙe, domin gabas an ɗaure ta da gaske. Sai rufin ya murɗe, ya finciko bangon gabas, bulo da katako da kwano suka rufto ciki a kan mutane. Abin duka bai kai daɗewar alwala ba. Guguwar ta wuce cikin gonakin rogo ta mutu. Rana ta fito. Ƙananan kifaye suna ta tsalle a kan rairayi, nesa da ruwa.

Mutum bakwai aka zaro babu rai. Alhaji Zailani yana bakin ƙofa, inda ya tsaya yana tura na ƙarshe ciki. Masuntan da iska ta yaye wa bukkoki ba wanda ya mutu a cikinsu, domin ciyawa ba ta kisa. Hajo da yaranta sun tsira, suna gida can cikin tudu a lokacin.

Kafintan ya fito daga kwari, rairayi kawai ya kakkaɓe. Da shi aka yi tonon gawa. Da dabara ya riƙa ciccire guntayen ƙarfen daga jikin katako yana tura su cikin rairayi da ƙafa. Mutane suka ce ikon Allah ne, wane rufi ne zai tsaya wa wannan? Shi ma ya ce ikon Allah ne.

A nan zan faɗi abin da ke damuna. Mai yiwuwa ne ko da ya ɗaure bango huɗu, da rufin ya tashi. Iskar da ta wurga kwalekwale ba ƙaramar iska ba ce. Allah ne masani. Amma ba a kan ƙarfin iska za a tambaye shi ba. Za a tambaye shi abin da ya sani, da abin da ya yi da sanin.

Ya kwaso Hajo da marayu ya dawo da su Kwarbai. Suka sauka a sashen marigayi. Aka yi zaman makoki. Rana ta uku Walter ya zo gaisuwa. Da zai tafi, kafintan ya raka shi bakin lungu.

Walter ya ce, "Gidaje nawa ka rufa a cikin birnin nan?"

Kafintan ya juya zai koma, Walter ya sha gabansa.

"Ka gaya musu. Ni zan hau in ɗaure, ko sisi ba na so. Kai dai ka buɗe baki."

"Ƙaddara ce ta faɗa wa Yaya."

"Ban musa ba. Marayun nan fa, a ƙarƙashin rufin wa suke kwana?"

Kafintan ya ce, "In ka sake tako unguwar nan da wannan magana, zan ce ƙazafi ka zo yi mini a gidan makoki. Ka san gari bai daɗe da lafawa daga rikicin addini ba. Ka san wanda za a gaskata tsakanina da kai."

Walter ya dube shi, ya tafi. Bai sake shiga Kwarbai ba.

To, daga nan abin ya soma. Aiki na farko da ya samu bayan makoki, ya taka tsani hawa uku, sai ya kasa ƙara ko taku ɗaya. Ya sauko. Washegari ya sake gwadawa, haka. Guduma ta riƙa suɓucewa daga hannunsa. Masu aiki suka jira, suka gaji, suka nemi wasu. Ko da ya so ya gyara rufin gidansu a ɓoye, ba ya iya hawa. In kuma ya sa wani ya fasa yaɓe, za a ga abin da ke ciki.

Da damina ta kama, sai wani abu ya ƙaru. Da zarar hadari ya haɗu, ba ya iya zama a ƙarƙashin rufi, kowane iri ne. Sai ya fito tsakar gida ya tsaya, ruwa yana dukansa, idonsa a kan kwanon sashen Hajo, har a ɗauke. Ko a masallaci yake, in ya ji iska ta kaɗa kwano, sai ya sallame ya fice. Mutane suka ce iskokin guguwar nan ne suka shafe shi. Aka kai shi wurin masu magani, aka yi rubutu, aka yi turare. Wane rubutu ne zai wanke abin da mutum ya ƙi faɗi?

Ya sayar da zarto, ya sayar da guduma. Matarsa ta yi haƙuri shekara biyu, ta nemi takardarta. Ya rame, ya zama abin nuni, wanda a da ake layi a ƙofarsa. Wa ya rage yana ba shi abinci? Hajo. Tana dakau tana sayar da ƙuli-ƙuli don ta riƙe marayu, amma kullum sai ta zuba masa tuwo. Takan ce, "Tausayin Yayansa ne ya mai da shi haka. Ai a gabansa aka yi." Ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya ci. Shekara huɗu yana cin wannan tuwo.

Ya 'yan uwa, kada wani ya ce shi ba kafinta ba ne. Kowa a cikinmu yana da bangon da yaɓe ya rufe. Tela ya san ɗinkin da ke cikin riga. Mai gyaran mota ya san ƙusar da bai ɗaure ba. Mai awo ya san gindin mudunsa. Malamin makaranta ya san darasin da ya tsallake. Dukanmu mun iya ɗaure gefen da muke zaton za a duba. Muna cewa mun san ta inda iska take zuwa. Wa ya ba mu wannan sani? Wanda ya halicci gabas shi ya halicci kudu.

Kuma ku lura da yadda zunubi yake haihuwa. Ha'inci ya haifi rantsuwar ƙarya. Rantsuwa ta haifi shiru a ranar da magana za ta ceci rai. Shiru ya haifi barazana ga wanda ya zo da nasiha. Tun farko guntun ƙarfe ne kawai, wanda bai kai tsawon tafin hannu ba. Mutum yana tsoron kunyar sa'a guda a gaban mutane, ya sayi wadda ba ta ƙarewa. Wanda ya san yana da irin wannan a wuyansa, ya je ya faɗa yau, tun masu haƙƙin suna da kunnen ji.

Ga yadda ya ƙare. A farkon damina ta biyar, wata ranar Laraba da la'asar, hadari ya haɗu. Wannan karon bai tsaya a gabas ba. Ya zagayo ta kudu, ya yi baƙi ƙirin, iska tana juyawa tana kwasar tabarmi da kwanuka a tsakar gida. Hajo ta tattara yaranta ta tura su ɗaki. Kafintan yana tsaye a inda ya saba tsayawa. Kwanon sashen ya fara ɗagawa ta gefe guda yana komawa, yana ɗagawa yana komawa.

Hajo ta leƙo ta ce, "Baffan yara, don Allah yau dai ka shigo. Iskar nan ba ta wasa ba ce. Shigo, ai rufinka ne."

Ya tako har bakin ƙofa. 

Ya ce, "Yaya Hajo, fito da yaran."

"In fito da su cikin wannan iska? Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Fito da su. Ban ɗaure ba. Gabas kaɗai na ɗaure. Nan da can bakin teku duka."

 Ta juya ta jawo yaran ɗaya bayan ɗaya, ta kai su tsohon zauren azara na kakanninsu, ta zaunar. Ta dawo tsakar gida, ruwa ya riga ya sauko, ta tsaya a gabansa.

Ta ce, "Ranar nan, da yake kiran mutane. Ka ji shi?"

Ya ce, "Na ji."

"Kana kusa?"

"Ina kusa."

Ta koma zaure wurin yaranta. Shi kuwa ya fita ƙofar gida ba takalmi, ya shiga lungu, ya tsaya a ƙofar gida na farko da ya taɓa rufawa, ya yi sallama da ƙarfi, ya ce a kira masa mai gidan.

Ya Allah, ka tsare mu daga aikin da muke ɓoyewa, ka buɗe bakinmu da gaskiya tun tana da amfani, kada ka sa wani ya halaka saboda ya amince da mu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda ke kwana a ƙarƙashin aikin hannunmu. Amin.